Kiwon tsuntsun zebra: Abin da sabon mai kiwo ya kamata ya sani

A ƙauyukan yammacin jihar Katsina, irin su Yasore da sauran garuruwan da ke yankin Batsari da Safana, kiwon tsuntsu ba baƙon abu ba ne. Da wuya a shiga gida a rasa kaji ko zabi, akwai samari masu ɗakin tattabaru, akwai kuma masu rataye kejin kanari a zaure domin jin daɗin kukansa.

Abin da ya sauya shi ne yadda wayar salula ta kawo kasuwar tsuntsayen ado ta manyan birane har tafin hannun mutumin ƙauye. Daga cikin tsuntsayen da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp akwai wani ɗan ƙarami mai jan baki, wanda Turawan Ingila ke kira zebra finch, saboda zanen baƙi da fari da ke maƙogwaron namijinsa mai kama da na jakin dawa.

Masana kiwon tsuntsaye a ƙasashe da dama na sanya shi a sahun gaba na tsuntsayen da suka dace da ɗan koyo. Yana da juriya, abincinsa ba shi da tsada, kuma ba ya wuyar haihuwa. To amma wannan yabo kan ruɗi masu saye, domin tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 12 zuwa 15 ba, kuskuren yini guda ya isa ya kashe shi.

Daga ina ya fito?

Asalin tsuntsun zebra ƙasar Ostareliya ce, inda yake yawo garke-garke a busassun filayen ciyawa na tsakiyar ƙasar. Akwai kuma wani ɗan uwansa na kusa a tsibirin Timor da wasu tsibiran Indonesiya.

Tsawonsa kimanin santimita 10 ne. Namiji yana da tabo ruwan goro a kumatu, da zane a maƙogwaro, da ɗigo-ɗigon fari a kan ja a haƙarƙari, bakinsa kuma ja ne wur. Tamata ruwan toka ce ba ado, bakinta ya fi karkata ga ruwan lemo. Ƙananan da ba su daɗe da barin sheƙa ba baƙin baki gare su, kuma a wannan lokaci ba kowa ke iya bambance namiji da tamata ba, abin da ya kamata mai saye ya riƙe a ransa idan aka ce masa ga miji da mata.

Duk da cewa baƙo ne, yana da dangi a ƙasar Hausa. Ɗan ƙaramin jan tsuntsun nan da ke shigowa tsakar gida yana tsintar tsaba a gindin turmi, har ya yi sheƙa a jinkar ɗaki, zuriyarsu ɗaya. Amma ba shi da wannan kusanci da jan-baki, tsuntsun da manoman gero da dawa suka sani da ɓarna, ko da yake launin bakinsu ya zo ɗaya. Jan-baki dangin masu saƙa sheƙa ne.

A shekarar 1960 ne Ostareliya ta hana fitar da tsuntsayen dajinta zuwa ƙasashen waje domin kasuwanci. Ma'anar wannan ita ce tsuntsayen zebra da ke hannun masu kiwo a sauran duniya, a keji aka haifi kakannin kakanninsu. Shi ya sa ake samun launukan da ba a saba gani a daji ba, kamar fari fat da mai ruwan ƙasa.

Bambancinsa da kanari da aku

Wannan batu na haihuwar keji shi ne babban abin da ya raba tsuntsun zebra da yawancin tsuntsayen da Bahaushe ya saba tsarewa. Kanarin da ake gani a zaure, da tsirya, da aku, galibi daga daji ake kamo su, kuma da yawa kan mutu tun kafin su kai ga mai saye.

Aku ne ya fi jin jiki. Farautar da aka daɗe ana yi masa a dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ta sa ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, a taron da suka yi a birnin Johannesburg a 2016, suka haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Najeriya na cikin wannan yarjejeniya, kuma tun 1985 take da dokarta ta kare dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Tarayyar Turai kuwa ta dakatar da shigar da tsuntsayen daji a 2005 saboda murar tsuntsaye, sannan ta mai da hanin na dindindin a 2007.

A yankin Batsari da Safana akwai wani dalilin da ya fi wannan kusa da gida. Dajin Rugu, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin biyu da maƙwabtansu Ɗanmusa da Jibiya, ya shafe shekaru yana zama maɓoyar 'yan bindiga, ta yadda shiga daji domin kai tarko ya zama abin da iyaye ba sa so 'ya'yansu su yi.

Sai dai ya kamata mai sha'awa ya san abin da ba zai samu ba. Tsuntsun zebra ba ya kwaikwayon magana kamar aku. Kukansa ba ya kai na kanari daɗi, ya fi kama da ƙarar ƙaramin usur na wasan yara, kuma yini suke yi suna kiran juna. Ba ya son a riƙe shi a hannu, ba kuma ya sabo da mutum irin sabon tattabara. Tsuntsun kallo ne. Wanda yake son ɗan wasan da yaro zai riƙa ɗauka yana shafawa, to wannan ba nasa ba ne.

Ba a kuma ajiye shi shi kaɗai. Aƙalla biyu ake saye, domin rayuwarsa ta garke ce, kuma kaɗaici na sa shi ƙunci.

Keji da wurin ajiye shi

Kejin da aka saba yi wa kanari, ɗan ƙarami mai tsayi, bai dace da shi ba. Tsuntsun zebra ba ya hawa waya da baki da ƙafa kamar aku, tashi yake yi daga wannan gefe zuwa wancan. Saboda haka tsawon keji ya fi tsayinsa muhimmanci. Ga tsuntsaye biyu, ana so tsawon ya kai aƙalla santimita 60, in ya zarce haka ya fi, kuma kada tazarar wayoyin ta wuce kimanin santimita ɗaya, don kada ya zura kai ya maƙale.

Kafinta na iya haɗa irin wannan keji da katako da ragar waya. A sa sanduna biyu ko uku na reshen itace, masu kauri daban-daban, a ƙarshe da ƙarshen kejin, a bar tsakiya fili. Kada a ajiye kwanon abinci ko na ruwa a ƙarƙashin sanda, saboda kashi.

Wurin ajiyewa kuwa, a nan ne yanayin Katsina ke shigowa.

Ana yawan cewa tsuntsun hamada ne, don haka zafi ba ya damunsa. Gaskiya ne yana jure zafi fiye da tsuntsayen Turai, amma a can ƙasarsu ma tsananin zafi kan kashe su da yawa a lokaci guda, kamar yadda ya faru a yammacin Ostareliya a 2009. Na daji yana iya neman inuwa da ruwa. Na keji kuwa inda aka ajiye shi nan zai tsaya. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a wasu ranaku, kejin da aka rataye dab da rufin kwano ko inda rana ke bugawa da azahar tamkar tanda ne. Idan aka ga tsuntsu ya buɗe baki yana haki, ya saki fukafukai, to a hanzarta mai da shi inuwa mai iska, a ba shi ruwan wanka a faranti marar zurfi.

Da hunturu matsalar kan juya. Ba sanyin kansa ne ya fi illa ba, iskar da ke kaɗawa da asuba ce da kuma ƙura. A watannin Disamba da Janairu a rufe gefe uku na kejin da zane da dare, a kawar da shi daga bakin taga.

Akwai kuma abin da ya fi zafi da sanyi saurin kisa, wato hayaƙi. Huhun tsuntsu na ɗaukar iska fiye da na mutum, don haka abin da mutum zai shaƙa ya yi tari kawai, shi yana iya zama ajalinsa. Maganin sauro na kunnawa, da na feshi, da fiya-fiya, da hayaƙin murhu ko gawayi, da na janareto, har ma da turaren wuta a ɗakin da aka rufe, duka abin gudu ne. Ɗakin da ake turarawa kullum ba wurin ajiye keji ba ne.

Sannan ga kyanwa, da ɓera, da maciji, da tururuwa masu bin ƙwai da 'ya'ya. Ko kyanwa ba ta kai ga tsuntsu ba, tsoratar da shi da dare na iya sa ya yi ta bugun waya har ya ji rauni.

Gero ya isa?

A fannin abinci mutumin Katsina yana da sa'a. Tsuntsun zebra ɗan tsabar ciyawa ne, kuma abincin da ake sayar wa masu kiwonsa a Turai cikin leda, akasarinsa nau'o'in gero ne. Geron gida yana yi, musamman mai ƙananan ƙwaya ko wanda aka ɗan ɓarza, haka nan acca idan ana samunta. Zangarniyar gero da aka rataye a keji tana ba su abin yi, domin suna son tsinka da kansu. Da damina kuma kan ciyawar da ta fara yin tsaba, wadda ba a yi wa feshi ba, na daga cikin abin da suka fi so.

Cinsu ba shi da yawa. Kowane ɗaya na cin kimanin giram uku zuwa huɗu a yini, wato tsuntsaye biyu ba za su ci kilo uku a shekara ba, ban da wanda suke watsarwa.

Amma ba kowane gero ba. Irin shuka da aka cuɗa da magani guba ne. Haka hatsin da aka zuba wa maganin ƙwari domin ajiya, da wanda ya sha danshi ya yi fumfuna. Wanda ke sayen hatsi a kasuwa sai ya tambaya, ya kuma shinshina.

Gero zalla kuma ba ya wadatarwa na dogon lokaci. Ana ƙara musu ɗanyen ganye da aka wanke, kamar alayyafo ko latas ko zogale, da ɗan dafaffen ƙwai sau ɗaya ko biyu a mako, a kwashe ragowar bayan 'yan sa'o'i kafin ya lalace. Ɓawon ƙwai da aka tafasa, aka busar, aka daka, yana ba su sinadarin kalsiyam, kuma tamata ta fi kowa buƙatarsa. Ragowar tuwo da miya mai gishiri da mai ba abincinsu ba ne.

Akwai wani kuskure da ya yi ajalin tsuntsayen 'yan koyo da yawa. Tsuntsun zebra yana ɓare ƙwaya ne ya ci cikin, ya bar ɓawon a kwano. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a ga kwano cike, alhali ƙaiƙayi ne kawai a sama. Dole kowace safiya a fitar da kwanon a hura, a ga abin da ya rage. Jikin ƙaramin tsuntsu na ƙona abinci da sauri, ba ya da ajiyar da za ta kai shi kwanaki.

Ruwa kuwa a sauya shi kullum, sau biyu da bazara. Masu tattabaru za su lura da wani abu: tsuntsun zebra yana tsoma baki ya zuƙi ruwa kamar tattabara, ba ya ɗaga kai sama bayan kowace kurɓa kamar kaza.

Haihuwar da ba ta jin birki

A dajin Ostareliya ruwan sama ba shi da tabbas, don haka tsuntsun zebra ba ya jiran wani wata na musamman. Da zarar ya ga ruwa da ciyawa sai ya shiga haɗa sheƙa. A keji, inda abinci da ruwa ba sa yankewa, a wurinsa kullum damina ce.

Tamata kan saka ƙwai huɗu zuwa shida. Ita da namiji ke karɓa-karɓar kwanci, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kimanin mako biyu. 'Ya'yan na barin sheƙa bayan mako uku, su fara ci da kansu sosai a wajen mako biyar, kuma kafin su cika wata uku su ma sun isa haihuwa.

Lissafin a fili yake. Idan miji da mata suka fitar da 'ya'ya huɗu sau uku, an sami goma sha biyu, kuma na farkon sun riga sun fara nasu. Kejin da aka yi don biyu ya cika, faɗa ya tashi, ana fige wa juna gashi, wa yana bin ƙanwa, zuriya tana raunana.

Wadda ta fi shan wahala ita ce uwar. Saka ƙwai ba hutu yana zuƙe mata kalsiyam, har ta kai ƙwai ya maƙale mata. Alamarsa ita ce a gan ta a ƙasan keji ta kumbura gashi tana yunƙuri, kuma idan ba a kai mata ɗauki ba tana iya mutuwa cikin sa'o'i. Ƙwararrun masu kiwo ba sa barin tamata ta wuce kwanci biyu ko uku a shekara, daga nan sai su cire sheƙar. Ba sa buƙatarta domin barci, a kan sanda ma suna kwana.

Ga wanda kallo kawai yake so, hanya mafi sauƙi ita ce ya sayi maza biyu ko mata biyu. Wanda kuma yake son haihuwar, ya tanadi keji na biyu da wanda zai karɓi 'ya'yan tun kafin a saka ƙwan farko. Kayan sheƙa busasshiyar ciyawa mai laushi ce. Zare, da auduga, da gashin roba na kitso kan naɗe ƙafar ɗan tsuntsu har ta mutu.

Namiji ne kaɗai ke rera waƙa, kuma koyonta yake yi, yawanci daga ubansa, cikin watanni ukun farko na rayuwarsa. Yana farawa da gwalan-gwalan kamar jariri kafin ta daidaita, daga nan kuma ba ya sauya ta. Wannan ne ya sa masu binciken ƙwaƙwalwa suka riƙe shi domin fahimtar yadda ɗan Adam ke koyon magana, kuma a 2010 ya zama tsuntsu na biyu, bayan kaza, da aka kammala karanta tsarin ƙwayoyin halittarsa. A 2016 wasu masana biyu na jami'ar Deakin da ke Ostareliya, Mylene Mariette da Katherine Buchanan, sun wallafa a mujallar Science cewa idan zafi ya haura digiri 26, iyayen kan yi wani kira na daban a kan ƙwai a kwanakin ƙarshe na kwanci, kuma 'ya'yan da suka ji kiran kan tashi da ƙaramin jiki a sheƙa mai zafi, abin da ke taimaka musu daga baya.

Cuta, da kajin gida

Ƙaramin tsuntsu yana ɓoye ciwo, sai ya yi nisa ake gani. Wajen saye a tsaya nesa kaɗan a kalli kejin na wasu mintoci. Mai lafiya ba ya zama wuri ɗaya, idonsa garau, gashinsa a kwance. A guji wanda ya kumbura yana gyangyaɗi da rana, ko wutsiyarsa na motsi sama da ƙasa tare da numfashi, ko kashi ya manne masa a baya.

Sabon tsuntsu a keɓe shi kimanin wata guda kafin a haɗa shi da na gida. Wannan ba don tsuntsayen ado kaɗai ba ne. A watan Fabrairun 2006 ne aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma Katsina na cikin jihohin da cutar ta kai. Ta sake dawowa Najeriya a 2015 da 2021. A gidan da kaji da zabi su ne asusun matar gida, shigo da tsuntsun da ba a san inda ya fito ba, wanda ya kwana a kasuwa kusa da wasu tsuntsayen, ba ƙaramar kasada ba ce. A nisanta keji daga akurki, a wanke hannu bayan shara, kuma idan tsuntsaye suka fara mutuwa ba dalili a sanar da malamin dabbobi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato ce ke gwajin tabbatar da irin wannan cuta.

Maganin kaji kuma ba a ba shi da ka. Kaza mai kilo ɗaya da rabi ta ninka tsuntsun zebra nauyi sau ɗari, don haka abin da ya zama magani a wurinta yana iya zama guba a wurinsa.

Nauyin da ke kan mai keji

Masu tambaya kan halaccin tsare tsuntsu a keji, malaman Musulunci da dama sun ce ya halatta da sharaɗin ci da sha da kulawa, suna kafa hujja da labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi a Madina. Suna kuma tunatarwa da hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ta ciyar da ita ba.

Wannan sharaɗi yana da nauyi na musamman a yankin da iyalai da yawa suka taɓa barin gidajensu ba shiri saboda hare-hare. Tattabara idan aka bar ta za ta fita kiwo ta dawo. Kaza za ta yi tono. Tsuntsun keji ba shi da ko ɗaya, kuma a hannun mai kula yana iya kai shekara biyar zuwa bakwai, wani lokaci fiye. Wanda yake yawan tafiya ci-rani, ko ɗalibin da zai koma makarantar kwana, sai ya san wanda zai riƙa hura kwanon gero a bayansa.

Buɗe masa ƙofa ya tafi kuma ba mafita ba ce. Tsuntsun da aka haifa a keji bai san shaho ba, bai san inda ake samun ruwa da rani ba, fararen cikinsu kuma daga nesa ake hango su. Idan kiwon ya gagara, sai a nemi wani mai kiwon a miƙa masa, tare da kejin da ragowar abincin da suka saba ci, domin sauya musu abinci farat ɗaya kan sa su ƙi ci na kwana ɗaya ko biyu.